Gidan da Ya Girmi Mai Shi: Sha'awar Tsofaffin Gidajen Karkarar Ingila da Nauyinsu

A gefen lambun yawancin manyan tsofaffin gidajen karkarar Ingila akwai wani rami da baƙo ba ya ganinsa sai ya zo gab da shi. Dogon kwari ne da aka haƙa ya bi iyakar lambun. Gefen da ke ɓangaren gidan an gina shi da dutse a miƙe kamar bango, ɗaya gefen kuma gangare ne mai ciyawa. Tunkiya ko barewa za ta gangaro, ta tarar da bango, ta juya. Amma wanda ke zaune a falo yana leƙe ta taga ba ya ganin katanga, ba ya ganin shinge. Koren fili kawai yake gani shimfiɗe tun daga bakin ƙofa har inda ido ya tsaya, ga tumaki can nesa suna kiwo kamar don ado aka ajiye su. Turawa suna kiran wannan rami ha-ha, wai saboda abin da ke fitowa daga bakin mutum idan ya yi kiciɓis da shi.

Na fara da ramin nan ne domin a ganina duk labarin waɗannan gidaje yana cikinsa. Ido yana ganin yalwa da natsuwa, kamar haka wurin ya tashi ya ga kansa. A ƙarƙashi kuwa akwai aikin ɗaruruwan hannaye da aka ɓoye da gangan. Har gobe mutane suna mafarkin mallakar irin gidan nan, kuma ni ban ga laifinsu ba, domin abin da ke jan su gaskiya ne. Sai dai ya kamata a san abin da ake ɗauka kafin a ɗora shi a ka.

Abu na farko da ke kama zuciyar mutum shi ne filin, tun kafin ginin. Mutumin da ya fi kowa tsara irin waɗannan filaye shi ne Lancelot Brown, wanda ya rayu daga 1716 zuwa 1783. An yi masa laƙabi da Capability saboda yakan gaya wa masu ƙasa cewa filinsu yana da halin da zai fi haka kyau idan aka gyara shi. Ya tsara filayen gidaje sama da 170. A filin gidan Blenheim ya datse wani ɗan kogi mai suna Glyme har ya zama tafki babba, ruwan ya shanye ƙasan wata ƙatuwar gada da aka gina tun kafin zuwansa. A wasu wuraren ya sa an kwashe tudu, an tayar da wani, an karkatar da hanyar ruwa, duk da shebur da baro da dawaki. Sannan ya dasa itatuwa dubbai, rukuni-rukuni, ta yadda duk inda mutum ya tsaya zai ga kamar hoto aka zana masa.

Abin da ya fi taɓa ni a aikinsa shi ne lissafin lokaci. Itacen oak, wanda shi ne sarkin itatuwan ƙasar, yana ɗaukar fiye da shekara ɗari kafin ya cika ya yi kwarjini. Ke nan Brown da waɗanda suka biya shi babu wanda ya ga filin kamar yadda aka nufa ya kasance. Sun ga ƙananan tsirrai da laka da ma'aikata. Mutanen yau ne suke ganin abin da aka yi nufi. Wanda ya shiga irin gidan nan yana shiga cikin wani aiki ne da aka fara kafin a haifi kakan kakansa, kuma ba a gama ba. Ga mutumin birni da ke zaune a hawa na goma, yana sauya gidan haya duk bayan shekara biyu, bai san sunan maƙwabcinsa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A ɗauki Chatsworth a yankin Derbyshire. A 1549 Sir William Cavendish da matarsa, wadda tarihi ya fi sani da Bess ta Hardwick, suka sayi wurin a kan fam 600. Zuriyarsu, masu riƙe da sarautar Duke na Devonshire, suna nan a wurin har yau, sama da shekara 470. Lambun gidan eka 105 ne, filin da ke kewaye da shi kuma kusan eka 1,000. A 1826 aka ɗauki wani saurayi ɗan manomi mai suna Joseph Paxton a matsayin shugaban masu lambu. Shi ne a 1844 ya haƙa tafki a kan tudun da ke bayan gidan, ya gangaro da ruwa ta bututu, nauyin ruwan kaɗai ya riƙa harba shi sama kusan mita 90 ba tare da inji ba. Don tarbar Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya aka yi aikin, shi kuwa bai zo ba. A ɗakin gilashin lambun nan ne kuma Paxton ya raini wata ayaba da aka sa wa sunan iyalin, Cavendish. Yawancin ayabar da ake fitarwa kasuwannin duniya a yau irinta ce. Daga baya shi ne ya zana ƙaton ginin gilashi na baje kolin Landan na 1851. Wannan shi ne irin tarihin da mutum ke taka wa idan ya fito shan iska da yamma a irin wannan gida.

Mai karatu Bahaushe zai iya tambaya: yaya gida ɗaya da ƙasarsa za su zauna a hannun iyali ɗaya shekaru ɗaruruwa ba a raba ba? Amsar tana cikin tsarin gadonsu. A al'adar masu sarautar Ingila, ɗan fari namiji ke ɗauke gida da ƙasa da sarauta gaba ɗaya, kuma sau da yawa ana ɗaure dukiyar da yarjejeniya ta yadda shi ma ba zai iya sayarwa ba, sai dai ya ci moriya ya bar wa nasa ɗan. Ƙannensa maza su nemi aikin soja, ko limancin coci, ko su tafi ƙasashen da aka mallaka. 'Yan'uwansa mata a ba su ɗan rabo a aurar da su. A wurinmu shari'a ta ba kowane magaji haƙƙinsa, shi ya sa babban gida yakan koma sassa bayan rasuwar maigida, ko a sayar a raba kuɗin. Nasu tsarin ya tsare gini, amma ya yi hakan ne ta hanyar tauye sauran 'ya'ya, kuma ina ganin wannan ma yana cikin farashin kyawun da ake gani.

Sai batun inda kuɗin ya fito. Asalinsa hayar gonaki ce. Wata ƙidayar masu ƙasa da gwamnati ta yi a 1873 ta nuna cewa mutane kimanin 7,000 ne ke riƙe da kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Birtaniya. Babban gida shi ne cibiyar, manoma 'yan haya suna kewaye suna biya duk shekara. Idan ƙauye ya tsaya a inda yake ɓata wa maigida kallo, sai a tashe shi. A Dorset, Joseph Damer ya rushe garin da ke kusa da gidansa a shekarun 1770, ya gina wa mutanen sabon ƙauye mai suna Milton Abbas a wani kwari da ba ya hange. A Chatsworth ma tsakanin 1838 da 1842 aka ƙarasa kwashe ƙauyen Edensor aka sake gina shi a bayan tudu. Shirun da baƙo ke yabawa a yau, a wasu wuraren shirun garin da aka tasa ne.

Wani kason kuɗin kuma daga nesa ya zo. Gidan Harewood da ke kusa da Leeds, wanda aka gina tsakanin 1759 da 1771, dukiyar iyalin Lascelles ce ta gina shi, dukiyar kuwa daga gonakin rake na Barbados da sauran tsibiran yankin, inda bayi 'yan Afirka ke aiki. Da aka soke bauta da dokar 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 don biyan diyya, kuma masu bayin aka biya, bayin ba su sami ko sisi ba. Magajin Harewood na lokacin ya karɓi sama da fam dubu 26 a kan mutum 1,277. A 2020 ƙungiyar National Trust, wadda ke kula da ɗaruruwan wuraren tarihi, ta fitar da rahoto da ya nuna wurare 93 da ke hannunta suna da alaƙa da bauta ko mulkin mallaka. Rahoton ya tayar da ƙura sosai, wasu suna cewa an ɓata musu wurin hutawa da siyasa. Ni dai ina tare da masu rahoton. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne a gare mu: gidajen sarakunan Kano na wajen gari, irin su Fanisau da Dorayi, gandaye ne ke kewaye da su, kuma bayi ne suka noma su. Sanin haka bai rage darajar wurin a tarihi ba, ya dai sa a tuna da waɗanda guminsu ya zuba a ciki.

A cikin gidan ma haka abin yake. A ƙasa, kusa da madafa, har yanzu za ka ga jerin ƙararrawa a jikin bango, kowace da sunan ɗaki a ƙarƙashinta, an haɗa ta da waya zuwa sama. Akwai matakala ta baya da siraran lunguna da aka yi don kada mai gida ya haɗu da mai ɗauke da bokitin kwal. Kafin kowa ya tashi, wata yarinya ta riga ta share murhu goma ta hura wuta. A 1911 masu aikin gida a Ingila da Wales sun haura miliyan ɗaya. An gina waɗannan gidaje ne a kan zaton cewa hannun aiki zai ci gaba da araha har abada.

Zaton bai tabbata ba. Tun daga shekarun 1870 alkamar Amurka mai araha ta fara cika kasuwa, farashin amfanin gona ya faɗi, kuɗin haya ya bi shi. Wasu suka nemi mafita ta auren 'ya'yan attajiran Amurka, kamar yadda mai Blenheim ya auri Consuelo Vanderbilt a 1895. A 1894 aka kawo harajin gado, mafi yawansa kashi 8 cikin 100. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye magada, wani gidan ya biya harajin sau biyu a 'yan shekaru, barori kuma suka gano masana'anta da ofis sun fi biya. A yaƙi na biyu sojoji da makarantu da asibitoci suka mamaye gidajen, da yawa aka mayar da su a lalace. Zuwa 1949 harajin gado a kan manyan dukiyoyi ya kai kashi 80. Abin da ya biyo baya rusau ne: an ƙiyasta cewa a 1955 duk kwana biyar ana rushe babban gida ɗaya. A cire dalmar rufi, a yi gwanjon ƙofofi da matakala, sauran a sa masa nakiya. Sai a 1974, da gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya baje hotunan ɗaruruwan gidajen da aka rasa, hankalin jama'a ya tashi, ra'ayi ya fara juyawa.

Yadda Chatsworth ya tsira ya isa misali. Duke na 10 ya yi ƙoƙarin miƙa dukiyar ga magajinsa tun yana raye don kauce wa haraji, amma doka ta ce sai ya ƙara shekara biyar a duniya bayan miƙawar. Ya rasu kwatsam a 1950, saura 'yan makonni wa'adin ya cika. Ɗansa Andrew, mai shekara 30, ya wayi gari da bashin kashi 80 na duk abin da ya gada. Aka sayar da dubban ekoki, aka miƙa wa gwamnati zane-zane da littattafai masu daraja, aka ba da Hardwick Hall, gidan da Bess ta gina da kanta. Shekara 17 ana ja-in-ja da hukumar haraji. Matarsa Deborah ta mayar da wurin sana'a: kantin sayar da kayan gona a 1977, wurin cin abinci, wurin wasan yara. A 1981 aka damƙa gidan da lambunsa ga wata gidauniya da hayar shekara 99. Tun daga lokacin iyalin Cavendish kuɗin haya suke biya a kan ɗakunan da suke kwana a gidan kakanninsu, yayin da mutane sama da dubu 600 ke sayen tikiti a shekara suna ratsa falukansu. Gyaran da aka kammala a 2018 ya ci sama da fam miliyan 32.

Kowa da dabararsa. Mai gidan Longleat ya buɗe ƙofa ga masu biya a 1949, a 1966 kuma ya kawo zakuna ya sake su a filinsa, mutane suna kallo daga cikin mota. Highclere, gidan wanda ya ɗauki nauyin tono kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922, ya kai matsayin da ɗakuna da dama ba sa zaunuwa saboda yoyo, har sai da aka fara ɗaukar wasan talabijin na Downton Abbey a cikinsa daga 2010, baƙi suka yi ta tururuwa. Wasu gidajen sun koma wurin bikin aure, wasu otal, wasu an yanka su gida-gida. Wentworth Woodhouse, mai ɗakuna sama da 300 da fuska mai tsawon kusan mita 185, wata gidauniya ce ta saye shi a 2017 a kan fam miliyan 7, tallafin da gwamnati ta bayar don gyaran gaggawa, musamman rufi, kuwa fam miliyan 7.6 ne. Kuɗin toshe yoyo ya fi kuɗin sayen gidan.

To, amma yawancin masu wannan mafarki ba fada suke nema ba. Abin da ke ransu tsohon gidan limamin coci ne ko gidan wani ƙaramin mai ƙasa, mai ɗakin kwana shida ko takwas, da eka goma, da lambun kayan miya mai katangar jan bulo, da 'yar gonar tuffa. A 2020, lokacin kullen korona, da aiki ya koma ta intanet, neman irin waɗannan gidaje ya ƙaru ƙwarai. Mutanen da suka yi watanni a ƙuntace suka ga babu abin da ya kai fili daraja.

Wanda ya saya, darasinsa na farko shi ne gidan ba nasa ba ne shi kaɗai. A Ingila akwai rajistar gine-ginen tarihi mai matakai uku, da ta ƙunshi wurare kusan dubu 400. Idan gidanka yana ciki, ba ka da ikon sauya taga, ko fasa bango, ko cire tsohon murhu sai da izinin ƙaramar hukuma. Yin hakan ba izini laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku, kuma idan wanda ya sayar maka ne ya yi ɓarnar, kai za a iya tilasta wa gyarawa. Idan jemagu sun yi gida a rufinka, doka tana kare su, aikin rufi sai ya jira lokacin da ba sa renon 'ya'ya, da lasisi a hannu.

Darasi na biyu ruwa ne. Tsohon bango na dutse ko bulo da farar ƙasa aka haɗa shi, yana shan danshi yana fitarwa. Wanda ya yi gaggawa ya shafe shi da siminti ya kulle ruwan a ciki, bayan 'yan shekaru katako ya ruɓe, bango ya fara ɓarewa. Duk wanda ya ga abin da filastar siminti ke yi wa ginin ƙasa a tsohon birnin Kano ko Zariya ya san wannan ciwo: waje sumul, ciki ya jiƙe, rana ɗaya a cikin damina ɓangare guda ya zube. Kamar yadda gidan ƙasa ke son yaɓe da duba indararo kafin ruwan farko, haka gidan can ke son a hau sama duk kaka a kwashe ganyen da ya toshe magudana. Dalmar da ke shimfiɗe a kwarin rufi tana tsagewa da tsufa. Tsaga kamar tsinin allura ta isa. Ruwan zai bi katako a ɓoye ya ɓulla a wani ɗaki can daban, shi ya sa a ɗakunan sama na gidaje da yawa za ka tarar da bokitai da tsofaffin kwanoni jere a ƙasa, kowanne an san wurinsa. Masu iya aikin dalma da farar ƙasa da sassaƙar dutse kaɗan ne, layinsu da tsawo, kuɗinsu da yawa.

Ga sanyi. Rufi mai tsawo, tagogi masu gilashi falle ɗaya, yawanci kuma babu bututun gas a karkara, sai mai da ake kawowa a tanka. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 2022, masu irin gidajen nan sun ji a jikinsu. Ba abin mamaki ba ne iyali mai ɗaki ashirin su yi hunturu gaba ɗaya a madafa da ɗaki biyu, sauran a rufe. Filin ma ba ya jira. Aikin da masu lambu goma suka yi a da, yanzu miji da mata ne da injin yankan ciyawa ranar Asabar.

Duk da haka, ban yarda da masu cewa abin wauta ne ko neman suna kawai ba. Akwai masu neman suna, gaskiya, kuma su ne suka fi saurin sayarwa idan lissafin rufi ya iso. Waɗanda suke daɗewa mutane ne da suka karɓi abin a matsayin amana, kuma haka suke kiran kansu, masu riƙo. Sun san wace taga ce ke kama rana a watan Disamba, wane lungu ne ke fara fitar da fure idan sanyi ya ja baya. 'Ya'yansu suna tashi da sanin sunan kowane itace. Hidimar da ke gajiyar da su ita ce kuma ke ɗaure su da wurin, kamar yadda manomi ke ƙaunar gonar da ta sha guminsa fiye da wadda ya gani a hanya. Kuma tun da yanzu ba bawa ko bara ne ke ɗauke musu nauyin ba, ina ganin sha'awar tasu ta fi ta masu gidan na farko tsabta.

Wasu ma sun sauya abin da ake nufi da fili mai kyau. A Knepp da ke West Sussex, Charlie Burrell da matarsa Isabella Tree sun ga noman eka 3,500 na ƙasa mai taɓo yana ta jawo musu asara, sai suka daina a wajajen 2000. Suka cire shinge, suka saki shanu da dawaki da barewa, suka bar ƙaya da kurmi suka dawo. Maƙwabta sun yi ta ƙorafi cewa an bar ƙasa ta lalace. A 2020 farar shamuwa ta ƙyanƙyashe a kan wani itacen oak a wurin, abin da aka yi ɗaruruwan shekaru ba a gani ba a Birtaniya. Yanzu mutane suna biya su kwana a tanti don su ji kukan tsuntsaye.

A sauran wurare kuma, itatuwan zamanin Brown sun haura shekara 250, da yawa sun fara mutuwa. Wata cuta da aka tabbatar a ƙasar a 2012 tana kashe itatuwan ash. Kafin ita, guguwar daren 15 ga Oktoban 1987 ta kayar da itatuwa kimanin miliyan 15 a kudancin Ingila, masu gidaje suka wayi gari suka tarar da layukan da aka dasa tun ƙarni na 18 kwance a ƙasa, saiwa a sama. Da yawansu suka ɗauko tsofaffin taswirorin filin, suka nemo inda kowane itace ya tsaya, suka dasa sabo a gefen kututturen, suka kewaye shi da kejin ƙarfe saboda barewa. Waɗannan dashe yanzu sun doshi shekara 40, kuma a lissafin itacen oak har yanzu yara ne.